MA'AIKACI YA GA ƁARNA YA YI MAGANA: TO WA ZAI TSAYA MASA?

Rubutun yau yana da tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Kusan duk ofishin gwamnati da ka shiga yanzu za ka tarar da takarda manne a allon sanarwa, ana kira ga ma'aikata su kai rahoton duk wata almundahana da suka gani. Wani wurin har da akwatin ƙorafi an kafe a bango. Na shafe sama da shekara 15 ina aikin gwamnati, kuma abin da na sani shi ne akasarin akwatunan nan ba abin da ke cikinsu sai ƙura da yanar gizo. Ba wai ma'aikata ba sa ganin komai ba ne. Suna gani ƙwarai. Masinja ya san fayil ɗin da ya kwana a motar wani. Direba ya san gidan da aka sauke kayan da takarda ta ce an kai ƙauye. Kashiya ya san baucar da aka biya sau biyu. Abin da ba su sani ba shi ne wanda zai tsaya musu washegarin ranar da suka buɗe baki. Wannan ita ce maganar da nake so mu tattauna, kuma da ruwan yankinmu na Kura da Bunkure zan yi misali, don shi na fi sani.

Duk wanda ya taso a nan ya san arzikinmu a kanal yake. A zamanin mulkin Audu Bako aka gina dam ɗin Tiga, aka kammala a 1974, an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Kashin farko na aikin noman rani na Kogin Kano an tsara shi ne ya shayar da hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma daga Kadawa aka fara gwaji. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Ruwan da ƙafarsa yake gangarowa, ba inji ke turo shi ba: daga babban kanal ya rabu reshen gabas da reshen yamma, daga nan ya shiga ƙananan kanal, har ya iso bakin gonar mutum. Shinkafar da ake casa a Kura, da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan, da alkama da albasa da masarar rani, duk 'ya'yan wannan ruwan ne. Matan da ke turara shinkafa, da 'yan dako, da masu saƙa kwanduna, da direbobin da ke kai kaya kudu, duk a nan suke ci.

To ga abin lura. Irin wannan tsari gaba ɗayansa a kan amana ya tsayu, domin na ƙasa ba ya ganin abin da na sama yake yi. Manomin da gonarsa ke ƙarshen kanal abu ɗaya kawai ya sani: ruwa ya iso ko bai iso ba. Idan bai iso ba, bai san dalili ba. Wataƙila ruwan ne ya yi ƙasa a dam. Wataƙila kachalla da yashi ne suka toshe hanya. Wataƙila wani mai ƙarfi ne ya fasa gefen kanal da daddare ya ja ruwa. Wataƙila kuɗin yashe kanal ɗin ya fita amma ba a yi aikin ba. Biyun farko jarrabawa ce da rashin kayan aiki, biyun ƙarshe kuwa zalunci ne. Manomi ba zai iya bambance su ba, sai dai ya ga shukarsa tana ƙonewa ya ce Allah ya kyauta. Wanda zai iya bambancewa shi ne ma'aikacin da ke ciki, wanda takarda ta bi ta teburinsa, ko ƙofar ruwa ta bi ta hannunsa. Ban ambaci waɗannan don zargin wata hukuma ko wani mutum ba. Ina nuna muku ne inda ido yake. A kowane aikin gwamnati, ko na ruwa ne, ko na taki, ko na magani, ko na makaranta, idon talaka yana jikin ƙaramin ma'aikaci. In ya rufe, talaka ya makance.

Kuma ba ƙananan kuɗi ake magana ba. A 2014 Bankin Duniya ya amince da kusan dala miliyan 495 don shirin TRIMING na gyaran manyan ayyukan noman rani a Arewa, kuma namu na Kogin Kano yana ciki. Mun ga an gyara kanal, mun ga an ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Amma mu riƙa tunawa bashi ne, 'ya'yanmu ne za su biya. Idan gyaran ya lalace cikin 'yan shekaru saboda kowa ya ga ɓarna ya kau da kai, mun ci bashi mun sayi ƙaiƙayi.

Ba kuma maganar kuɗi kaɗai ba ce. Manyanmu suna tuna fashewar dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988. Mu duka kuma mun ga abin da ya sami Maiduguri a watan Satumbar 2024 lokacin da dam ɗin Alau ya ɓalle. Dam ba ya magana, amma yana nuna alama, kuma wanda ke fara ganin tsaga ko yoyo ba darakta ba ne, ma'aikacin da ke zagayawa da ƙafa ne. Ofishin da ma'aikaci ke tsoron kai wa oga labarin da ba ya son ji, wannan ofishin hatsari ne ga rayukan mutane, ko da ba a saci sisin kwabo a cikinsa ba.

To me ya sa ake shiru? Ni dalili uku na gani.

Na farko tarbiyyarmu ce, kuma ba mummuna ba ce a asalinta. An raine mu a kan rufa wa ɗan uwa asiri. An koya mana cewa mai kai gulma ba mutumin kirki ba ne. A gari kamar Kura ko Bunkure, wanda za ka kai ƙara ba baƙo ba ne. Tare kuke sahu a masallaci, matarka da matarsa biki ɗaya suke zuwa, wataƙila ma shi ya yi maka hanyar aikin. Kana motsawa za a ce maka, "Haba Malam, kada ka zama silar raba mutum da abincinsa, yana da iyali fa." Ba wanda zai tuna cewa manomin da aka cinye wa taki shi ma yana da iyali, don shi ba a ganin fuskarsa a ofis.

Na biyu shi ne abin da ake kira sirrin ofis. Tun ranar da aka ɗauke ka ake tsorata ka da shi, kuma da gaske akwai dokar sirrin gwamnati ta 1962. Sai dai da yawanmu ba mu san cewa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, a sashe na 27, ta ba da kariya ga jami'in gwamnatin da ya bayyana abin da yake da dalilin gaskata cewa almundahana ce, ko almubazzaranci da dukiyar jama'a, ko amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba, ko hatsari ga lafiyar al'umma. Sirrin ofis an yi shi ne don kare aikin gwamnati, ba don kare ɓarawon da ke cikin gwamnati ba.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne tsoro. Kuma tsoro ne mai hujja, domin ma'aikata suna da ido, suna ganin yadda ta ƙare da waɗanda suka fi su ƙarfi. A 2013 Malam Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Bankin Najeriya, ya rubuta wa shugaban ƙasa cewa akwai biliyoyin dalolin man fetur da ba su shiga asusun tarayya ba. A watan Fabrairun 2014 aka dakatar da shi. A 2016 Abdulmumin Jibrin Kofa, wakilin maƙwabtanmu na Kiru da Bebeji, ya fito da zargin cushe a kasafin kuɗi, majalisar wakilai ta dakatar da shi na kwanakin zama 180. A nan Kano, shugaban hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha da kansa, Muhuyi Magaji Rimingado, an dakatar da shi a 2021, sai a 2023 ya koma kujerarsa. Kowa yana da ra'ayinsa a kan waɗannan mutane da dalilansu, kuma ba siyasa na zo yi ba, don Allah kada a mayar da maganar ta Kwankwasiyya da Gandujiyya. Abin da nake so ku duba shi ne darasin da ma'aikaci mai mataki na 6 ya ɗauka. Cewa zai yi: in an yi wa gwamnan babban banki haka, ni wane ne?

Akwai ma wanda ya fi kama da mu. Ntia Thompson, mataimakin darakta ne a wata hukuma da ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje a Abuja. Ya kai rahoton karkatar da dala 229,000 da naira 800,000. A farkon 2017 aka yi masa ritayar dole. Sai da jaridu da ƙungiyoyin farar hula suka yi ta surutu sannan aka mayar da shi aiki. Shi ya yi sa'a labarinsa ya kai jarida. Nawa ne nasu bai kai ba?

Bari in ba ku ɗaya daga cikin waɗanda nasu bai kai ba. A wani wurin da na taɓa aiki, ba zan faɗi sunansa ba, akwai wani yaro mai kula da sito. Aka kawo kayan tallafin manoma, aka miƙa masa takarda ya sa hannu cewa ya karɓi buhu 600, alhali 450 ya ƙirga. Ya ƙi. Ya zo ya same ni ya ce, "Yallaɓai, ni fa ba rigima nake nema ba. Gobe in odita ya zo, sunana zai gani a takardar nan, ba na kowa ba." Muka zauna ya rubuta bayani gajere, ba zagi, ba zargin kowa, adadi kawai da kwanan wata da lambar mota. Ya bi ƙa'ida ya miƙa sama. Kun san abin da aka yi da takardar? Sai aka rubuta a gefenta aka turo wa mutumin da abin ya shafa, wai ya ba da bayani. Wato an miƙa wa kura ajiyar nama, an kuma nuna mata wanda ya yi ihu. Kafin sati biyu takardar canjin wurin aiki ta fito, aka cilla yaron can wani lungu da kuɗin mota ke cinye rabin albashinsa. Mu da muka je muka yi magana aka ce mana ai canji ne na yau da kullum. Lokacin ƙarin girma ya zo, fayil ɗinsa ya yi ɓatan dabo. Abin da ya fi ƙona masa rai ba na ofis ba ne. Dattawa aka tura wa mahaifinsa, suka ce masa ɗanka yana neman tona asirin mutane, ka ja masa kunne. Daga baya masu bincike sun zo sun ga giɓin kamar yadda ya faɗa. Har yau ban ji wanda ya kira shi ya ce masa sannu ba.

Duk ma'aikacin da ya ga wannan ya gama karatu. Ko takarda ɗari ka manna a allo, abin da ya sami wannan yaron shi ne ainihin sanarwar da suka karanta.

Amma na ga kishiyar haka, kuma don ita ne ban yanke ƙauna ba. Na yi aiki ƙarƙashin wani dattijon shugaba, Allah ya saka masa da alheri. Wani ya raɗa masa cewa akwai matsala a sito guda. Bai kira kowa ba, bai nuna wa kowa takarda ba. Sai kawai ya ba da umarnin a ƙirga kayan dukkan sito-siton da ke ƙarƙashinsa a rana ɗaya, kamar aikin da aka saba. Matsalar ta fito da kanta, aka gyara, wanda ya yi laifi ya biya, kuma har ya yi ritaya ba wanda ya san bakin da labarin ya fito. Doka ɗaya ce a wuraren biyu. Bambancin shi ne wancan ya binciki mai magana, wannan ya binciki maganar.

Yanzu mu zo kan gwamnati. A watan Disambar 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya, lokacin Kemi Adeosun, ta fito da tsarin kwarmata bayanai, inda wanda bayaninsa ya kai ga ƙwato kuɗi zai samu tsakanin kashi 2.5 zuwa kashi 5 cikin ɗari. Da farko abin ya yi tashe. A watan Afrilun 2017 EFCC ta gano sama da dala miliyan 43 a wani bene a Ikoyi ta Legas, kowa ya ga hotunan. Amma wanda ya kai labarin sai da aka yi watanni ana ja-in-ja kafin a sallame shi. Sannu a hankali abin ya yi sanyi.

A ganina tsarin yana da rauni biyu. Na ɗaya, an gina shi a kan lada, ba a kan kariya ba. Yawancin ɓarnar da ke kashe talaka ba dala ce a cikin durowa ba. Kanal ne da ba a yashe ba, iri ne da ya lalace aka raba, sunayen manoman bogi ne a jerin masu tallafi, ma'aikaci ne da ke karɓar albashi bai san ƙofar ofis ba. Wanda ya tona waɗannan ba kashi 5 da zai samu, sai baƙin jini. Na biyu, tsari ne na ɓangaren zartarwa, ba doka ba ce. Majalisar dattawa ta amince da ƙudurin kare masu fallasa a 2017 amma bai zama doka ba. A watan Disambar 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da wani sabon daftari, shi ma wa'adin gwamnatin ya ƙare bai zama doka ba. Ghana da ke nan kusa ta yi tata dokar tun 2006. Afirka ta Kudu tun 2000. Ingila tun 1998. Amurka kuwa tun 1863 take da dokar da ta ba mutum damar kai ƙarar wanda ya damfari gwamnati a kwangila.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu cewa doka kaɗai ta isa. A Afirka ta Kudun da ke da dokar, Babita Deokaran, babbar jami'ar kuɗi a ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng, ta nuna shakku a kan wasu kuɗaɗe da ake biya ta asibitin Tembisa. A watan Agustan 2021 aka harbe ta a ƙofar gidanta. Doka tana kare mutum a kotu. Abin da ke kare shi kafin a je kotu shi ne a ɓoye sunansa, abokan aiki su ƙi ware shi, kuma al'umma ta ƙi mayar da shi abin nuni.

Na san wani zai ce, to ai addini ya hana annamimanci da giba. Gaskiya ne. Amma malamai sun bambance. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya jero wurare shida da ambaton laifin mutum ya halatta, cikinsu akwai kai kuka ga mai iko don a cire zalunci, da neman taimako don a kawar da ɓarna. Annamimi yana ɗaukar magana ne daga wannan ya kai wa wancan don ya haɗa faɗa. Mai ba da shaida yana kai magana ne ga wanda ke da ikon gyara don a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Rufin asiri ana yi wa wanda laifinsa ya tsaya tsakaninsa da Ubangijinsa, ba wanda ke kan cin dukiyar mutane dubu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma a Kitabul Farƙ ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. Saboda haka wannan ba aƙidar Turawa ba ce aka shigo mana da ita. Ina roƙon malamanmu su riƙa fayyace wannan a mumbari, don mutane da yawa tsoron zunubi ne ya rufe musu baki a inda shirun ne zunubin.

Akwai kuma ƙorafin da shugabanni ke yi, kuma dole a yi musu adalci. Ba kowane mai takardar koke ne mai gaskiya ba. Na ga wanda aka hana shi wata kujera ya zauna ya ƙirƙiri ƙarya. Na ga wanda ba a ba shi kasonsa ba sai ya zama mai kishin ƙasa dare ɗaya. Na ga mutumin kirki da aka ɓata wa suna a WhatsApp, bincike ya wanke shi, amma wankin bai zagaya kamar yadda ƙazafin ya zagaya ba. Ko Andrew Yakubu, tsohon shugaban kamfanin mai na ƙasa, da aka samu kusan dala miliyan 9.8 a wani gida nasa a Kaduna a 2017, kotu ta sallame shi a 2022. Zargi daban, hukunci daban. Shi ya sa dokar ICPC da ta ce a ɓoye sunan mai ba da bayani, ita ce kuma ta tanadi hukunci ga wanda ya kai ƙarya da gangan. Amma maganin ƙarya bincike ne. Ko da mai kawo maganar yana da mugun nufi, buhu 450 ba zai zama 600 ba. A je a ƙirga.

To me za a yi?

Ga shugabannin ofis, iyayen gidanmu: kada ku sake ku tura takardar koke ga wanda ake ƙorafi a kansa da sunan mai ƙorafin a jiki. Ku samar da hanya fiye da ɗaya, don idan hanyar kaɗai ita ce ta hannun oga, kuma ogan ne matsalar, an rufe ƙofa ke nan. Rukunin yaƙi da cin hanci da ICPC ta sa a kafa a ma'aikatun tarayya, a ba su mutanen da ake jin nauyinsu, ba waɗanda ake son a ajiye a gefe ba. Duk wanda ya kai rahoto, kada a canza masa wurin aiki ko a ba shi takardar tuhuma har sai an gama bincike, sai in shi ya nema. Sannan a riƙa faɗa wa ma'aikata sakamako, ko ba suna: an kawo ƙorafi kaza, an bincika, ga abin da aka yi. Mutum ba ya jefa guga a rijiyar da bai taɓa ganin an ɗebo ruwa ba.

Ga 'yan uwana ma'aikata, musamman ƙannenmu sababbin shiga: matakin farko ba EFCC ba ne, hannunka ne. Kada ka sa hannu a abin da ba ka gani ba, domin ranar da ta ɓaci, wanda ya ba ka umarni da baki zai ce bai san zancen ba. In an matsa maka, ka ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a rubuta mini." Ka riƙa rubuta kwanan wata da adadi a littafinka na kanka. Ka faɗi abin da idonka ya gani kawai, ka bar abin da ka ji a majalisa. Ka fara ta cikin gida in da hali, in an toshe sai ka nufi hukumar da doka ta ba iko, ta jiha ko ta tarayya. Kada Facebook ya zama zangonka na farko, domin a nan kai za ka koma mai laifi. Ka nemi shawarar lauya ko ƙungiyar ƙwadago, kuma in kun kai biyu ko uku da kuka gani, ku tafi tare, tsintsiya ɗaya ba ta shara. Ba zan yaudare ka in ce ba za ka sha wuya ba. Wanda ya auna ya ga ba zai iya ba saboda iyalinsa, ban zarge shi ba. Amma aƙalla kada ya sa hannu, kuma kada ya shiga sahun masu jifan wanda ya iya.

Ga manomanmu da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa daga Ƙarfi zuwa Kosawa, daga Ɗan Hassan zuwa Gurjiya da Barkum: ku rage wa ma'aikaci nauyi. Duk kuɗin ruwan da kuka biya ku karɓi rasit. Ku nemi a karanta lissafin ƙungiya a bainar jama'a. In an zo rabon taki ko iri, a kafe sunaye a inda kowa zai gani. Abin da yake a fili ba ya buƙatar mai tonawa. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wani lokacin mu ne ke kai wa ma'aikaci na goro don a ba mu ruwan da ba ranarmu ba, mu bar na ƙasa da ƙishirwa.

Ga iyayenmu da masu unguwanni da dagatai: in aka zo muku da ƙarar yaro wai yana tona asiri, ku tambaya asirin wa, kuma dukiyar wa. Kalma ɗaya daga bakin uba, ya ce "Ka yi daidai, Allah ya yi maka albarka," ta fi wa yaron nan duk wata doka da za a yi a Abuja.

Ga wakilanmu kuma, na Kura da Madobi da Garun Malam, da na Rano da Bunkure da Kibiya, da 'yan majalisar jiha: dokar kare masu fallasa ɓarna ba ta jam'iyya ba ce. Ku tura ta a tarayya, mu ma a Kano a yi tamu. Wanda yake kan mulki yau, gobe shi ne zai nemi a saurare shi.

Ma'aikatan da ke bibiyata, ina son jin naku, amma don Allah ban da sunan mutum ko na ofis. Wanda yake da abin da ya fi ƙarfin fili ya kai inda ya dace, ba nan ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya ciyar da mu halal, ya kare duk wanda ya tsaya a kan gaskiya, ya sanya albarka a noman bana. Amin.